Ɗigon Kewal Sahab

Duk Bombay babu jarumi irin Kewal Chandok. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma wa zai fi shi sani? Gashinsa kaɗai mutum biyu ke kula da shi. Ni dai mai kaɗa gangar tabla ne, shekara ashirin ina zaune a kusurwar ɗakin ɗaukar waƙa, na ga iyayi kala-kala, amma na Kewal Sahab daban ne.

Sauran jarumai motsa baki kawai suke yi, mawaƙi ya rera musu. Shi ya ce a'a, waƙar soyayyar fim ɗinsa da muryarsa za a ji ta. Ya kuma ce sunansa za a buga a kan faifai a matsayin marubucinta, tunda kallon idonsa aka yi aka rubuta.

Wanda ya kalli idon shi ne Munshi Jamal Bijnori, dattijo mai tsohuwar rigar shirwani. Shekara talatin yana rubuta wa wasu baitoci, sunansa bai taɓa hawa faifai ba. Wannan karon an yi masa alkawarin sa sunansa, har ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa ta gaya wa dangi.

"Sahab, ko da ƙananan haruffa ne, can ƙasa," in ji Munshi.

"Haba Munshi-ji! Rana tana tsaye, wa ke neman sunan fitila?"

Ranar ɗauka mu sittin muka hallara, masu goge, masu sarewa, kowa da kofin shayinsa. Da Urdu Munshi ya rubuta waƙar, Sahab kuwa bai iya karanta Urdu ba, amma kada Allah Ya sa ka faɗa. Sai aka kwafa masa waƙar da haruffan Hindi. A can, in ka sa ɗigo ƙarƙashin "ja" ta koma "za", kuma a wurin Sahab "za" ita ce alamar ɗan babban gida. Ya zaro alƙalaminsa na zinare ya bi takardar yana ɗiga mata kamar mai barbaɗa gishiri.

Amshin waƙar cewa yake: sonki ya mai da ni "jalil", wato mai daraja. Sahab ya dafe ƙirji, ya lumshe ido, ya sanar wa masoyiyarsa cewa sonta ya mai da shi "zalil". Wulaƙantacce ke nan. Sau tara!

Wani mai sarewa ya shaƙe da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da duka, ina da iyali.

Munshi ya miƙe. "Sahab, ɗigon nan..."

"Ni za ka koya wa Urdu? Kakata a Lakhnau, cibiyar Urdu, aka yaye ta!"

Wallahi na ji tausayin tsohon. Ya zauna yana murza hularsa.

Faifai ya fita. Cikin mako guda direbobin tasi sun haddace, suna rera wa matansu in an yi faɗa. Jaridun Urdu suka yi ca. Nan take Sahab ya tara 'yan jarida, ya sa farar rigar kurta, ya yi murya irin ta waliyyai.

"Ni ba na cin haƙƙin talaka. Ko harafi ɗaya ban rubuta ba. Duk aikin Munshi ne, kuma a bugu na biyu da hannuna zan rubuta sunansa, da manyan haruffa."

Ka ji adalci! Munshi ya kwana uku bai leƙo waje ba. Me zai ce wa 'yarsa? Wane taron mawaƙa zai sake shiga?

Da sabon faifan ya fito, ni na kai masa ɗakinsa. Ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Ga shi ɓaro-ɓaro, har da ɗigon Sahab: ZAMAL BIZNORI.

Ya cire tabarau ya goge ido, ya tura mini farantin biskit.

"Ci, ɗan'uwa. Ni ban san wannan bawan Allah ba. Allah dai Ya rufa masa asiri."