Hoton Jiminar Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ɗauko wa surukata hoton jimina ba. A shekarar da tsadar abinci ta shaƙe kowa ne, lokacin da magidanci zai sha kokon safe ya ɗaure ciki da shi har magariba. Ba mu daɗe da aure ba ni da Rabi, ina ta neman hanyar da zan burge mutanen gidansu, tunda aljihu ya ƙi ba ni haɗin kai.

Wani Alhaji ne a yankinmu na Minjibir ya killace gefen lambunsa, ya tara 'yan dabbobi ana shiga kallo. Inna, mahaifiyar Rabi, ciwon ƙafa ya hana ta fita. Na je gaishe ta, ina tsugune a bakin ƙofa, sai ta ce, "Malam, wai da gaske ne akwai tsuntsun da ya fi mutum tsawo a lambun nan?"

Na ce, "Inna, gobe in Allah ya yarda za ki gan shi da idonki."

Yaya Sani, wan Rabi, ya ara mini babbar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Ya fara nuna mini inda ake dannawa, na tari numfashinsa na ce ai na iya. (Ban iya ba. Tawa wayar irin mai madannai ce, tocilarta ta fi komai aiki a jikinta.)

Da safe na hau keke ban sa komai a cikina ba, na isa rana ta take. Wurin bai fi filin sussuka girma ba, dabbobin ma duk sun rame kamar mu. Amma fa na sha kallo. Ashe yatsu biyu kacal jimina take da su, ga gashin ido zara-zara kamar ta sa kwalli. Kada na kwance ya wangame baki ko motsi ba ya yi, har na leƙa ina neman inda harshensa yake. Kunkuru kuwa na daɗe tsugune a gabansa ina son in ga ta ina jikinsa ya manne da ƙoƙon. Kowanne na saita masa waya na danna. Rana ta hana ni ganin komai a gilashin sai inuwar fuskata, na ce ai haka gilashi yake, dole mutum ya ga kansa.

A wajen biri ne Shaiɗan ya same ni. Mai kula da wurin ya ajiye roba cike da yankakkiyar kankana a gefen keji, ya tafi sallar azahar. Cikina ya yi ƙara. Na duba gabas, na duba yamma, na ɗauki yanka ɗaya. (To, ba ɗaya ba ne. Mu bar maganar.) Wayar tana hannuna na hagu, ban san babban yatsana ya taɓa wani jan ɗigo ba.

Bayan la'asar na isa gidan su Rabi, na tarar Inna ta tara maƙwabta a tsakar gida, har da masu goyo, ita ma Rabi ta zo. Yaya Sani ya buɗe wayar, sai na ga yana cizon leɓe. Inna ta ce, "Miƙo mana."

Ta kai ta kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa. "Wannan wace dabba ce mai hula?"

Ni ne. Ashe kyamarar gaba na kunna tun daga ƙofa. Ga ni na saki baki a gaban jimina, ga ni na karkata kai ina neman harshen kada, ramukan hancina sun cika gilashi. Ko gashin tsuntsu ɗaya bai fito ba.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Wata maƙwabciya ta dangwala yatsa, bidiyo ya tashi. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gaban Inna ba, sai ga ni kumatu cike, ruwan kankana na bin gemuna, biri na ihu daga gefe. Muryata ta fito tar: "Yi haƙuri ɗan'uwa, kai ana kawo maka, ni ba mai kawo mini."

Matan nan suka kwanta da dariya. Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Na nemi takalmana na rasa, alhali suna ƙafata.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ƙwala wa Rabi kira, ta ce, "Ke, mijinki da yunwa ya fita? Zuba masa tuwo ki kai zaure. Ki cika kwanon, kada ya koma wa bawan Allahn birin nan."

Na cinye tas, don kunya ba ta hana loma wucewa.

Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mini abin da ban sani ba, "nuna mini" nake cewa, ko da yaron goye ne. Kallon dabbobi kuma har yanzu ina zuwa, amma sai na tabbatar na fi su ƙoshi.