Ranar da Seabata Ya Ƙwace Bargon Tafiya

"...da gajiya kuma, uwar rowa? Na ji an ce guduwa za ki yi."

"Gajiya ta bi lafiya, gwauron dutse. Wa ya kwance ka da sassafen nan?"

Ina tsugune a tsakar gidan Matumelo ina taya ta ninke zannuwan gado sai ga Seabata a kan dokinsa, Sefako. Ɗan gwaggonta ne, ita 'yar kawunsa. Kowannensu ya haura sittin, amma in suka haɗu sai ka toshe kunne. Ɗakuna huɗu masu jinka gare ta a nan Semonkong, cikin duwatsun ƙasar Lesotho, tana saukar da masu zuwa hutu, shi kuma yana kai su yawo a kan dawaki. Bana ta ce ta gaji. Watan Yuni ya kama, farkon hunturunmu ke nan, sanyi ya fara cizo, za ta rufe ta tafi Maseru, babban birni, wurin 'yarta sai bayan wata uku. Har ta tsiyaye ruwan bututu don kada ya daskare ya fashe.

Mu duka mun san abin da ke cin Seabata. Matarsa ta rasu bara da kaka, 'ya'yansa duk suna ƙetaren iyaka, kuma a murhun Matumelo yake cin tuwon masararsa kullum. In ta tafi, shi da bango ne za su yi hunturu. Amma ya faɗa da bakinsa? Tab! Gara ya haɗiyi linzami.

"Ke dai ba ki da kan sana'a," in ji shi, yana sauka da ƙyar. "Yanzu fa mutanen birnin Durban suke tururuwa ganin dusar ƙanƙara. Jiya waya ta kusa ƙonewa a hannuna. Mutum tamanin!"

"Wayar da ka ɗaure da roba? Wadda sai ka hau kan katangar garke take kamawa?"

"To, mutum takwas."

"Ci gaba da saukowa, ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Mata da miji ne. Amma masu ƙiba, kowanne ya yi huɗu."

Dariya ta sa na saki zanin da ke hannuna. Matumelo ko gezau.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ta ce. "Bara wa ya fasa ƙanƙarar randa da guduma kafin baƙi su wanke ido? Wa ya yi ta jigilar busasshen kashin shanu ana hura wuta ɗaki huɗu? Wani baƙo har ya tambaye ni wane irin turare ne wannan!"

"Ai sai ki sayar masa da buhu guda. Kuma Asabar ɗin nan dusar ƙanƙara za ta zuba, gwiwata ta gaya mini."

"Gwiwar da ta ce za a yi rana ranar bikin ɗan limamin coci, ruwan sama ya sa muka ci nama a ƙarƙashin tebur?"

"Ta hagu ce waccan, maƙaryaciya. Ta gado ki."

Yana magana yana matsawa kusa da akwatin ƙarfenta. A kai ta shimfiɗa bargon tafiyarta, mai zanen zangarniyar masara, da ƙaton fil ɗinsa mai walƙiya. A garin nan ba dattijuwar da za ta shiga motar Maseru ba irin wannan bargo a kafaɗa, gara ta tafi ba takalmi.

Na ce, "Matumelo, in kin ga kare yana shinshina takalmi fa..."

Kafin in rufe baki, caraf! Seabata ya yafa bargon, ya soke fil ɗin, ya ɗan taka rawa.

"Na ɗauka, taubashiya! Abin da hannuna ya taɓa a gidan kawuna nawa ne, haka muka taras. Kai ƙara wurin mai gari in kin isa, a yi miki dariya."

"Ɓarawo ɗan gwaggo! Bargon mata ne fa, dubi yadda ya mai da kai tsohuwar kaza."

"Kazar da ta fi ki farin jini. Sai ki je Maseru da buhun masara a wuya."

Matumelo ta tsaya, hannu a ƙugu. Ta dube shi, ta dubi dokin. Sannan ta taka a hankali ta kama ragamar Sefako.

"Ni ma na ɗauka."

"Kai! Kai! Matumelo, doki fa!"

"Haka muka taras. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi."

"Doki guda a bakin bargo? Ke ko jaki kika hau sai an tara maza huɗu su ɗora ki!"

"Ba hawa zan yi ba, ado zan yi da shi."

"Ba ya cin komai sai daga hannuna! Ko ruwa ba ya sha sai na yi masa fito. Wata uku shi kaɗai a nan, ba mai ce masa ya kwana lafiya, ai mutuwa zai yi!"

Duk mun gane ba dokin kaɗai yake nufi ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara fil ɗin da ba abin da ya same shi. Ni kam tausayi ya kama ni har idona ya kawo ruwa.

Matumelo ta ɗaure ragamar a jikin turke, ta ja ƙullin sau biyu. Sai ta fashe da dariya, ta zaro tarin mabuɗai daga ɗamararta, ta cire ɗaya ta cilla masa. Ya cafe.

"Na mene ne?"

"Ɗakin da ke jikin murhu. Dokina ba zai mutu da kaɗaici ba, dole baransa ya dawo nan. Kai ne mai fasa ƙanƙara, kai ne mai hura wuta. Kira masu ƙibar nan ka ce a buɗe muke."

"Maseru fa?"

"Da wane bargon? Wuce ka kwance mini akwati, tuwo yana hucewa. Daga yau kwanonka biyu zan riƙa ɗaurayewa a gidan nan, na safe da na yamma, har sanyi ya wuce."