Rasuwar Nagode, Kwamfutar Malam Hayatu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Hayatu mai shagon buga takardu a bakin tashar Talata Mafara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Nagode. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar kwana biyar, tana da shekara tara a hannunsa.

Marigayiyar ba ta da sauri, wannan kowa ya shaida. In an kunna ta, sai ta yi "ƙit" sau ɗaya, mutum ya je ya sha fura ya dawo kafin ta gama buɗe ido. Amma ba ta taɓa cin amanar kowa ba. Babbar amanar da ta riƙe ita ce ta Baba Ɗantani, tsohon manomi daga Maradun. Shekara biyu cur, duk ranar kasuwa, yakan zo ya zauna a benci yana lissafo gonaki da fadamu da rijiyoyin da ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye, kowace da sunan mai ita. "Rubuta, ɗana," yakan ce, "wagga fadama ta Jibrin Dogo ta, nan munka yi shinkafa kahin ruwa su taho." Malam Hayatu yana bugawa cikin Nagode, har aka cika shafi tamanin da huɗu. Baba ya rasu daminar bara. Sau biyu 'yarsa Turai tana tasowa daga Tsibiri don a fitar mata da lissafin mahaifinta a takarda, sau biyu Malam Hayatu yana cewa ta ƙara haƙuri ya gyara rubutun ya yi kyau.

Ciwon ajali kuwa, ba wanda ya jawo shi sai mai ita. Babu wanda ya taɓa kuka da nawar Nagode sai shi. Ya je Gusau ya sayo ram, wani siririn allo kore da aka ce yana ƙara wa kwamfuta sauri, ya buɗe cikinta ya cusa mata. Da ya kunna, sai ta yi wani kuka da bai taɓa ji ba, "ƙiii, ƙiii, ƙiii," fuskarta baƙi ƙirin. Ya zare ram ɗin, ya hure gurbinsa, ya mayar. Ya canja ɗan batirin da ke cikinta, ya canja wayar wuta, ya zagi janareta da bai ji ba bai gani ba. A rana ta uku Nagode ta soma tashi, amma da ta kai rabi sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta sume, ta sake tashi da kanta. Abu ɗaya ne bai gwada ba, wato ya cire sabon ram ɗin ya ajiye gefe, don ba ya son a ce sayayyarsa ce mai laifi.

Nan aka kira Bawa mai gyaran rediyo. Ya duba, ya kaɗa kai, ya ce, "Wagga ai wanki taka so, Malam. A yi mata homat, garau za ta tashi." Malam Hayatu ya ɗauka irin wankin riga ne, dauɗa ta fita riga ta saura, ashe homat share komai na cikin kwamfuta yake yi. Don Allah kada a ga laifin Bawa. Sau biyu marigayiyar ta tambaya ko an tabbata, sau biyu mai ita ya danna mata da yatsansa. Bayan wankin ma ba ta daina sumewa ba. Sai ranar Laraba ya haƙura ya cire ram ɗin, nan take ta yi "ƙit" ɗinta na da, ta tashi lafiya lau, amma babu komai a cikinta. Jikin yana nan yana aiki, sai dai Nagoden da aka sani ta tafi.

Ta rasu ta bar firinta ɗaya, wadda da an ba ta dama da ta fitar da komai cikin rabin awa. Ta bar kibod da haruffansa suka goge, da linzamin da ake nuni da shi a fuskarta, da mai ita da ya kasa haɗa ido da benci.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan Turai da ke Tsibiri. Har yanzu ba ta sani ba, kuma Malam Hayatu yana roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa kada ya riga shi faɗa mata, da bakinsa ya kamata ta ji. Ba a bukatar gero ko goro. Duk dattijon da ya tuna sunan wata gona ko rijiya da ke ƙarƙashin ruwan nan, daga Maradun har Faru, ya taimaka ya zo da shi. Malam Hayatu zai zo da littafi da biro. Ya yi kwana biyu yana ƙoƙarin tunowa da kansa, abin da ya samu bai cika rabin shafi ba.