Yadda Za Ka Fito a Bidiyon da Aka Ce Injina Kaɗai Za a Ɗauka

Kai mai aiki a masana'antar motoci, da aka ce gobe masu bidiyon talla za su zo, manaja kuma ya ce ko ɗan yatsan mutum kada a gani, matso kusa. Bi matakan nan, za ka fito. Ban ce duk jikinka ba, amma za ka fito. A gabana abokin aikina Baban Taya, mai ɗaura tayoyi a ƙarshen layin haɗa motoci, ya gwada su.

1. Samu dalili mai nauyi

In don 'yan mata ne, koma bakin aikinka. Shi Baban Taya tsohuwarsa ce ta ji a bakin maƙwabciya cewa yanzu ƙarfe ke haɗa mota da kansa. Nan take ta yanke cewa an kori ɗanta, fita kawai yake da safe ya laɓe wani wuri don kada ta sani. Ya nuna mata katin aiki, ta ce kati ai ba ya ruɓewa. Ya nuna mata hannunsa duk baƙin mai.

"Tun kana rarrafe haka hannunka yake," in ji ta.

Sai ta rage cin abinci, wai tana taya shi tattali. Tsohuwa ta fara zama ƙashi. Hoto kuwa babu hali, don waya a loka, akwatin ajiyar ma'aikata, take yini, doka ce. Da maganar bidiyo ta taso, ya dafa gwiwarta ya ce, "Inna, da idonki za ki gan ni."

2. San da wa kake takara

Hannun ƙarfen nan mai walda ba ya gumi, ba shi da tumbi, ba ya neman izinin zagawa. A kyau ba za ka kayar da shi ba. Kuma kada ka yi gardama da manaja.

"Duniya so take ta ga komai na tafiya da kansa," manaja ya ce da ya tara mu.

"Ranka ya daɗe, taya fa?" in ji Baban Taya. "Da kanta take mirginowa?"

"Gobe da kanta za ta mirgino."

Ka ji ilimi. Mai digiri in ya ce taya na da ƙafa, tambaye shi lambar takalminta kawai.

3. Kada ka yi kwalliya

Nan mutumina ya yi kuskure. Ya zo da rigar aiki an goge ta har tana yanka, hular kwano na walƙiya, turare kamar ango. Tun daga ƙofa shugaban layi ya shinshino shi.

"Baban Taya, ƙamshi ba ya fitowa a bidiyo. Wuce bayan layin rawaya, inda aka ce ma'aikata su tsaya."

Ka zo da dattinka na kullum. Mai datti ba a ganinsa, shi ya sa yake shiga ko'ina.

4. Manta da wucewa ta baya

Kowa wannan dabarar yake fara yi. Baban Taya ya ɗauki mofar goge ƙasa ya gifta bayan injin fenti, fuska a ɗaure kamar an aike shi. Ya dawo da bokiti. Ya sake giftawa da tsani. Mai kyamara, wanda tun safe Baban Taya yake kiransa Darakta yana miƙa masa kujera, ya sauke kai ya ce, "Baba, kada ka gajiyar da ƙafarka. Ko da raƙumi ka wuce, yanke ka za mu yi."

Riƙe wannan: duk abin da ke bayan mota ana yanke shi. Motar ce ba a yankewa.

5. Nemi abin da ke sheƙi

A ƙarshe dole su ɗauki motar da aka gama tana tafiya a kan bel mai jan motoci, baƙa wuluk, ƙofarta kamar madubi. Kai kuma kana bayan layin rawaya, ba ka karya dokar kowa ba. Matsa kaɗan gefen mai kyamara har ka hango kanka a jikin ƙofa. Haɗiye tumbi. Kada ka ɗaga hannu, kada ka yi tari. Haka Baban Taya ya ƙame har mota ta wuce, idonsa na ruwa.

6. Kai wa tsohuwa

Ranar da bidiyo ya fito, aka zagaye waya a ɗakin Inna, shi da matarsa da ƙanwarsa. Kiɗa, tartsatsin walda, hannayen ƙarfe na ta rausaya. Sai ga baƙar ƙofa. Ya danna ya tsayar. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne ƙofar mota a lanƙwashe take. Ga wata halitta nan a baje, kai kamar maɓalli, ciki kamar tankin ruwa.

"Wannan ai tabon fenti ne," in ji matarsa.

Ƙanwar ta faɗi gefe tana dariya. Inna ta karɓi wayar, ta kai ta dab da hanci, ta daɗe tana kallo.

"Shi ne. Tsayuwar ubansa ce, ƙafa ɗaya a karkace." Ta ɗago kai. "To amma kai, ƙarfe na ta aiki, kai kana tsaye kana kallo?"

"Inna, ranar ce kawai aka ce..."

"A haka suke riƙe da kai?" Ta miƙa wa surukarta wayar. "Ke, zubo mini abinci, ki cika kwano. Wurin nan ba su korar kowa."

Gargaɗi

In manaja ya buɗe hoton nan ya gane tumbinka, ni ban san ka ba. In tsohuwarka ta bi gida gida tana cewa ɗanta aikin tsayuwa yake yi, ku ƙarata can. Ni ranar ina bayan layin rawaya, hannuna a aljihu, kuma ko a wace ƙofa ka duba ba za ka gan ni ba.