Ramin Tasalla Bushiya

A wani daji da ke bakin fadama, an yi wata ƙungiya ta taimakon marasa muhalli. Malam Burtu ne shugabanta. Burinsu gina ƙaton gida na haɗaka, rijiya ɗaya, madafa ɗaya, kowane iyali da ɗakinsa. Azara da ciyawar jinka kuwa sai shamuwa sun kawo daga kudu, su kuma ba sa bayarwa sai sun ga talauci da idonsu.

Cikin masu jiran ɗaki akwai Tasalla bushiya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a wani rami da rufinsa ya tsage. Wata safiya Burtu ya tarar da ita tana kwaɓa ƙasa za ta yi yaɓe.

Ya ce, "Haba Tasalla! Raminki ne za mu fara nuna wa baƙi. Duk dajin nan babu mai ban tausayi kamarsa. In kika gyara, me za su gani? Ki tuna ba ke kaɗai ke jira ba."

Ta ce, "Malam, hadari nake gani a gabas. Ƙaramin ma tari yake yi."

"Ki yi haƙuri, kwana nawa ne?"

Ta wanke hannunta, ta bar ƙasar ta bushe. Ban ga laifinta ba. Shi ma Burtu ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma ko ɗan tsako ya san tare shamuwa da ruwan farko suke isowa.

Ruwan ya riga su da wuni ɗaya. Rufin ya rufta, Tasalla ta fito da 'ya'ya biyu, ƙaramin ya mutu a ciki.

Shamuwa suka tsaya a bakin ramin suka yi kuka na gaske. Suka ninka abin da suka yi niyya, har da ƙarin katanga. Kafin kaka gida ya tsaya.

Ranar rabon ɗakuna Burtu ya kira ta gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Tasalla, wallahi ba don ke ba da gidan nan bai ginu ba. Sai dai baƙi sun gindaya sharaɗi, masu 'ya'ya uku zuwa sama za a fara ba. Ki ƙara haƙuri zuwa baɗi."

Ta juya ta kama hanya da 'ya'yanta biyu.

Sunan ɗan nata marigayi dai aka raɗa wa gidan, an kuma rubuta shi da kyau a bakin ƙofa.