Safar Hannun Doktor Kalla

A duk ƙasar Azarori babu wanda ya san lafiyar shanu kamar Doktor Kalla. Shi da kansa ya shaida haka. Ya samo iliminsa ne a wata formasiyo, wato taron horo, a Madawa, inda aka yi bayani kan boru, ciwon nan mai tsattsaga wa saniya baki da kofato. An ce a yi rigakafi, a ware marar lafiya, a wanke hannu kafin a taɓa wata. Lokacin da aka zo kan wankin hannu Doktor yana hutar da idanunsa, amma ya farka daidai rabon safar hannu ta roba.

Tun ranar safar ba ta ga ruwa ba. Ruwa yana kashe ƙyalli, kuma likita marar ƙyalli ai mutum ne kawai.

Da aka ji boru ya ɓulla a wani garke bakin gari, Doktor ya isa da sassafe. Ya cusa hannu a bakin saniya mai dalala, ya jinjina kai, ya zarce garke na gaba.

"Ku ja baya, jama'a," in ji shi, "aikin ga na masana na."

Bai ƙyale ko ɗan maraƙi ba. Ikon Allah, duk garken da ya duba, kafin mako ya kewayo shanun sun fara ɗingishi, nono ya ƙafe. Wannan ya ƙara masa daraja a idon kansa.

"Kun gani? Ni ka riga cutar isa. Hangen nesa ke nan."

Gida ɗaya kawai bai shiga ba, na gwaggonsa Tabawa, wadda ta goye shi yana jariri. A gaban mutane ta ce masa, "Kalla, ɗebe ƙazamin abin ga ka ci tuwo." Kalla tsurarsa, babu Doktor. Ya yanke mata hukunci mai tsanani: har abada safarsa ba za ta taɓa shanunta ba.

Yau a gidan Tabawa kaɗai ake dama fura da nono. Makiyaya sun zo sun tsaya a bakin turken, sun daɗe suna kallon shanun suna tuƙa lafiya lau.

Washegari Doktor ya fito rangadi, safa tana ƙyalli. Tun daga ƙofar masallaci har bakin rijiya, babba da yaro, kowa ya gaishe shi da murya sama:

"Ina kwana, Kalla!"