Ni Ke Tuƙin Nan Ko Ke?

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta lokacin kaka, ranar da na ɗauko surukaina daga Gagarawa zan kai su suna Sule Tankarkar. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ina tsakiyar aji ina koyar da lissafi, sai kunya ta kama ni.

Bari in fara da motar, don ita ta ja mini komai. Shekara goma sha huɗu na yi ina jan wata akwala wadda na san halinta ta san nawa. In na taka birki sai ta yi shawara tukuna, amma dai ba ta taɓa tsayawa ban sa ta ba. Da Allah ya hore, na je Maigatari wajen wani dillali mutumin Damagaram, ya nuna mini wata mai ruwan toka, tsaf da ita.

"Mushe," in ji shi (haka mutanen can ke kiran malamin makaranta, ni ma da farko na ɗauka zagina ya yi), "wannan tana da ido a goshi. In ta ga za ka yi karo, da kanta take taka birki."

Na yi dariya, na ce a raina zaƙin bakin dillalai ne. Ashe a duk abin da ya faɗa mini ranar, wannan ce kaɗai gaskiyar.

Tun ban fita daga Maigatari ba ta nuna mini hali. Ranar kasuwa ce, kuma duk wanda ya taɓa tuƙi a garin nan ranar Alhamis ya san yadda ake yi: ba jira ake a ba ka hanya ba, hancin mota kake cusawa tsakanin tirela da raƙumi, kowa ya san yadda zai yi da kansa. Ina cusawa sai na ji ɗiɗ-ɗiɗ-ɗiɗ, wata jar wuta ta kama a gabana, motar ta dafe wuri ɗaya kamar an riƙe ta ta baya. Hulata ta faɗa kan sitiyari. Ɗan acaɓan da ke bina ya kusa shigowa ta but, ya zagayo ya leƙo ta taga.

"Malam, in koyo kake ka tafi filin ƙwallo mana!"

Ni da na koya wa rabin malaman makarantarmu tuƙi!

Haka muka ci gaba da zama da ita a Gumel. Akuya ta gilma, birki. Mai kurar ruwa ya kutso, birki. Wata rana leda ce kawai iska ta ɗauko. Sau biyu shayi na zuba a cinyata. Na duba littafinta, da Jamusanci aka rubuta (ko wani abu mai kama da shi). Abin ya ishe ni har na koyi wata mummunar ɗabi'a: faɗa da mota. Ina tafe ni kaɗai, tana yin kukan nan zan fara: "Ke, na gani! Makaho kika ɗauke ni?" Maiɗakina Hadiza ta sha ce mini in daina, mutane za su ce na taɓu. Ban ji ba.

To ranar da abin ya faru, matar ƙanen Hadiza ce ta haihu a Sule Tankarkar. Hadiza ta riga ta tafi tun ana saura kwana biyu. Ni kuwa, saboda neman suna da sabuwar mota, na ce kada kowa ya wahala, ni zan ɗauko iyayenta, Baba da Hajiya. Ya kamata ku san irin zaman da ke tsakanina da Hajiya. Shekara goma sha ɗaya da auren 'yarta, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Daga bakin ƙofa nake tsugunawa in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule. Ko sunana ba ta faɗa.

Ana sallame asuba na kama hanya. Baba na same shi a shirye, amma ƙanwar Hajiya, Inna Larai, ta tsayar da mu kusan rabin awa tana neman mayafin da zai dace da zaninta. Ƙarfe bakwai za a raɗa suna, kuma Baba ake jira. Ya zauna gaba da carbinsa, su biyu suka shiga baya da kwanukan cincin a cinya. Muna wuce Gumel na duba agogo, na ba motar wuta.

Ba mu yi nisa ba, daidai wata kwana mai itatuwan darbejiya, abu uku suka faru a lokaci ɗaya. Amalanken shanu shaƙe da karan dawa ya hauro kwalta daga gona. Motar ta fara kukanta ta dafe, har kwanukan suka tuntsure. Hajiya kuma, baiwar Allah, wadda ba ta ce uffan ba tun daga Gagarawa, ta buɗe baki a hankali ta ce, "A dai riƙa bi a sannu."

Wallahi ban ji ta ba. Wato na ji, amma sai daga baya maganar ta iso ƙwaƙwalwata. Abin da ya cika mini kunne kukan motar ne. Na daki sitiyari da tafin hannu, na ɗaga murya yadda nake yi wa 'yan aji uku:

"Ke dalla rufe mini baki! Kullum sai kin sa baki a abin da bai shafe ki ba! Ni ke tuƙin nan ko ke?"

Motar ta yi shiru.

Carbin Baba ya tsaya. Na ɗaga ido na kalli madubi, karo na farko a rayuwata muka haɗa ido da Hajiya. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna Larai ta dafe ƙirji ta fara salati, tana ja tana nanatawa.

"Baba," na ce, "wallahi da motar nake."

Bai kalle ni ba. "Da motar."

"Ita ce take... ai ita ta taka birkin, ba ni ba."

"To," in ji Baba. "Mu je, ana jiranmu."

Sauran tafiyar nan ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Cincin na ta gangarowa ƙarƙashin ƙafata ina takawa. Motar kuwa, munafuka, ko ƙis ba ta ƙara yi ba.

Mai hankali da ya isa zai nemi wuri ya zauna, ya bari a huce, da yamma ya turo manya. Ni ban yi haka ba. Kafin a shafa fatiha Inna Larai ta gama zagaye cikin gida da labari, ina daga waje ina jiyo salatin mata yana tashi ɗaki bayan ɗaki. Hadiza ta leƙo zaure ta yi mini wani kallo ta koma, ko gaisuwa babu. Maza a kan tabarmi suka fara satar kallona. Wani dattijo ya ce, ba da ni ba amma don in ji, "Mota dai ba ta da ƙafar taka birki."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce kowa ya zo ya gani da idonsa.

A gefen gidan akwai wata danga ta kara. Na ce zan nufe ta da motar, ba zan taɓa birki ba, za su ga ikon Allah. Na ma sauke gilashi, na ce wa ƙanen Hadiza ya tsaya ya kalli ƙafata don kada a ce na yi coge. Mutane suka taso, wasu da waina a hannu. Baba yana zaune bai motsa ba. Na ja baya, na saita ta, na taka totur da ƙarfin mai neman wanke kansa, ina jiran ɗiɗ-ɗiɗ-ɗiɗ.

Ba ta yi ba.

Motar da ke tsayawa saboda leda, ranar ta ga danga guda ta ce ba ruwanta. Muka shige ni da ita har rabin jiki, kara ya rufe gilashin gaba. Ashe bayan dangar nan aka killace awakin gidan saboda taro. Suka yi waje gaba ɗaya, sun fi goma, suka bi ta kan tabarmi, ta kan farantan waina, wata ta sa ƙafa a robar kunu. Liman ya tattare babbar riga ya haye benci. Ni kuma ina zaune cikin kara, hannu biyu a sitiyari, ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Ƙanen Hadiza ya zo ya ɗage karan da ke tagar, ya ce, "Yaya, gaskiya ba ka taɓa birki ba. Na shaida."

Da la'asar ni na tsaya aka gyara dangar, da shaddata ta suna. Su Baba a motar haya suka koma.

Washegari na kai ta wajen mai gyaran wayarin a Gumel, na zazzage masa komai. Da ya gama dariya (ya daɗe bai gama ba) ya ce abin ba komai yake ganewa ba, kuma in ka danne totur da ƙarfi ɗauka yake da gangan kake yi, sai ya sakar maka. Wato sai ranar da nake da gaskiya ta ga damar yi mini biyayya. Ya ce zai iya kashe shi in ina so. Na buɗe baki zan ce kashe, sai amalanken nan ya faɗo mini a rai. Tsakani da Allah ban gan shi da wuri ba. Agogo nake kallo. Na ce ya bar shi.

Kwana huɗu Hadiza tana ajiye mini abinci ba magana. Ran na biyar na ɗauki kawuna, ƙanen mahaifiyata, muka tafi Gagarawa ban haƙuri. Na tsuguna a inda na saba, kawu ya yi ta jero bayani a kan motocin zamani, shi da bai taɓa tuƙa ko keke ba. Baba ya ce ya wuce. Can sai muryar Hajiya ta fito daga bayan labule, kuma na rantse akwai dariya a cikinta.

"Ai tun a hanya na gane ba da ni yake ba. Abin da ya ba ni mamaki, ni da motar magana ɗaya muka faɗa masa, kuma duk mu biyun muna da gaskiya. A ce masa ya riƙa jin maganarta."

Na ce, "To, Hajiya."

Har yanzu motar na nan, har yanzu tana dafewa saboda awaki, ina kuma jin haushinta kamar ranar farko. Sai dai na ɗauki darasi biyu. In mutum ya yi abin kunya, ya tsaya a guda ɗaya, kada ya ce sai ya kawo hujja. In kuma faɗa da mota ya zama dole, to a fara da kiran sunanta, da ƙarfi, kowa ya ji: "Ke mota!" Sannan a faɗi sauran.